Hannun da ya shanye bai mutu ba

Idan kabu-kabu ya kife a hanyar Tsarnawa zuwa Tawa, mutum ya karye a wuya, hannuwa suka shanye, mu a Badagishiri sai mu ce ƙaddara, mu shimfiɗa masa tabarma. Ƙaddara gaskiya ce, amma an umarce mu da neman magani.

A 2019 mujallar The Lancet ta buga aikin likitocin Melbourne a Ostireliya: suna ɗauko jijiya mai rai daga saman raunin laka, su haɗa ta da wadda ta daina aiki. Bayan shekara 2, akasarin matasan da aka yi wa aikin sun iya miƙe hannu, suna ci da kansu.

Za a ce wannan tiyata ta yi mana nisa. Haka ne. Amma yatsun da aka bari suka ƙandare, ko likitan ya zo, ba za su more ta ba. Don haka hukumomi su ajiye ma'aikacin motsa gaɓoɓi a asibitocin Illela, Malbaza da Ƙonni, ya koya wa iyali miƙe yatsun majinyaci kullum. Mu kuma, a wurin haɗari, mu ɗauki mai rauni a kan katako, kada wuyansa ya motsa.