A Bar Ɗalibi Ya Ji Kukan Osileta Kafin Ya Haddace Lissafinta

Duk wanda ya taɓa halartar wa'azi ko taron biki ya san ƙarar nan mai huda kunne da lasifika kan yi idan aka kusantar da makirufo gare ta. Sautin da ya fito ne yake sake shiga makirufo, a ƙara masa ƙarfi, ya sake fitowa, haka ya yi ta zagayawa. To, wannan shi ne tushen osileta, wato da'irar lantarki mai haifar da sigina da kanta, ba tare da an shigar mata da wata daga waje ba. Abin takaici, sau da yawa akan fara wa ɗalibi da lissafi a kan allo, a bar misalin da ya sani tun yana yaro.

A ɗauki da'irar da ake kira gadar Wien. Zuciyarta ita ce of-am, 'yar ƙaramar na'ura mai ƙara ƙarfin sigina, kamar mai lamba 741 da kamfanin Fairchild ya fito da ita a 1968. Rizista biyu da kafasita biyu ne ke mayar da wani sashe na abin da ya fita zuwa mashiga. A saurin bugu guda ɗaya tak abin da ya koma kan yi taku ɗaya da wanda ya fita, kuma sulusinsa ne kawai. Saboda haka tilas of-am ta ninka shi sau 3 domin cike giɓin. Idan rizistocin na om 10,000 ne, kafasitocin kuma na nanofarad 10, za a sami bugu wajen 1,600 a daƙiƙa, sautin da kunne ke ji sarai.

A takarda ke nan. Ranar da ɗalibi ya haɗa da'irar da hannunsa zai tarar da wani abu dabam, domin rizistocin kasuwa sukan saɓa wa abin da aka rubuta a jikinsu da kashi 5 cikin 100. Ninkin ya gaza 3 ko da kaɗan ne, sai sigina ta mutu, a ji tsit. Ya zarce 3, sai ta yi ta girma har ta kai iyakar ƙarfin batir, samanta ya datse, sautin ya zama kamar na fasasshiyar ganga. Nan ne ɗalibi kan karaya, ya ɗauka kuskurensa ne. Ba nasa ba ne, kuma malamin da ya rage masa maki a kan haka bai yi masa adalci ba.

Wannan matsala ce William Hewlett ya warware a 1939 a Jami'ar Stanford ta Amurka, tun kafin a sami irin waɗannan of-am. Ɗan ƙaramin ƙwan lantarki ya saka cikin da'irar. Idan sigina ta girma, sai zaren ƙwan ya yi zafi, turjiyarsa ta ƙaru, ninkin ya sauko. Idan ta ragu, ya huce, ninkin ya hau. Kamfanin Disney ya sayi takwas daga cikin na'urorinsa domin fim ɗin Fantasia na 1940.

Malamai kan ce babu kayan aiki, kuma da gaskiyarsu game da na'urar duba siffar sigina, don tana da tsada. Sai dai of-am guda, batir biyu masu bol 9, rizista mai murɗawa da abin sauraro na kunne sun wadatar. Ɗalibi ya murɗa sannu a hankali, ya ji inda shiru ya ƙare sauti ya fara, sannan a koma allo a nemi inda 3 ɗin ta fito.