Hankici ya fi tishu sauƙi ga talaka

Ranka ya daɗe Edita,

Ina neman ɗan fili in yi magana kan wani ƙaramin abu da ke cin kuɗin magidanta a nan Gwaram. Da hunturu ya kama, ƙura ta turnuƙe, mura ta shiga gidaje, sai ka ga ana ta sayen tishu a shaguna. Tun da aka cire tallafin man fetur a shekarar 2023 komai ya yi tsada, tishu ma bai tsira ba, ga shi sau ɗaya ake amfani da shi a yar.

Hankici kuwa ko saye ba sai an yi ba. Kowane tela a garin nan ko a kasuwar Sara yana da ƙyallayen da suka rage bayan ɗinki. A zaɓi na auduga mai laushi, a kalmashe bakinsa, shi ke nan. Zai yi watanni yana aiki, muddin ana wanke shi da sabulu da ruwan zafi, a shanya a rana. Ƙazantar da ake zarginsa da ita laifin mai shi ne, wanda zai cusa shi a aljihu mako guda ba wanki.

Amma mai tari mai tsanani, musamman wanda ake zargin tarin fuka, ya riƙe tishu, ya ƙona bayan amfani, ya kuma je asibiti. A nan ba a tsumulmula.

Ina roƙon iyaye mata su ɗinka wa kowane ɗan makaranta hankici biyu nasa na kansa, kada yara su riƙa aron na juna.

Naku,
Wani mai karatu,
Gwaram, Jihar Jigawa.