Wa Ake Yi Wa Dariya?

'Yan'uwana ɗalibai, gardamar da ta sa na ɗauki alƙalami ta tashi ne a ɗakin kwananmu, wani dare da aka ɗauke wuta muka taru mu shida a kan waya guda. Wani ya kunna mana Mr Bean. Mutum huɗu suka yi ta dariya har da riƙe ciki, sauran biyun kuwa suka murtuke fuska, suka ce wannan ai wasan yara ne, mai ilimi Yes Minister yake kallo. Daga nan magana ta yi tsawo, har ta kai ga gori.

Ni ban yarda da wannan rabo ba. Dariya ba jarrabawa ba ce da za a ce wane ya ci, wane ya faɗi. Rowan Atkinson ya yi Mr Bean daga 1990 zuwa 1995, kashi 15 kacal, kusan ba ya buɗe baki, amma tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana gane shi sarai. Haka Frank Spencer na Some Mothers Do 'Ave 'Em, wanda BBC ta nuna daga 1973 zuwa 1978, har iyayenmu suka san shi a akwatin talabijin. Mutum ne mai kyakkyawar niyya, amma duk abin da ya taɓa sai ya rushe, matarsa Betty tana ta haƙuri. Michael Crawford da kansa yake yin abubuwan kasadar nan, har da kama bayan bas yana sanye da takalma masu taya. Wanda ya ce wannan ba gwaninta ba ce, to, ya gwada mu gani.

Tambayar da ta kamata mu yi, a ganina, ita ce: wa ake yi wa dariyar, kuma yana da bakin ramawa?

Mu Hausawa ba baƙin wannan tambaya ba ne. Bafillace ya tsokani Babarbare, Bakano ya tsokani Bazazzagi, Bagobiri ya ce Bayarabe bawansa ne, taubasai su yi ta yi wa juna tsiya, jika ya ce wa kakarsa matarsa. Duk da zafin maganar ba a fushi, domin kowa ya san gobe shi ma zai rama, kuma babu alƙali a tsakani.

To, a nan ne nake da ƙorafi a kan wasan da muka fi ƙauna, wato Mind Your Language. An fara shi a 1977 a tashar ITV. Malam Brown yana koyar da Turanci da yamma ga baƙi mazauna Landan: Ali mutumin Pakistan, Ranjeet mai rawani mabiyin addinin Sikh, Giovanni ɗan Italiya, Anna Bajamushiya, Su-Lee ta ƙasar Sin wadda ba ta da zance sai na Mao, da sauransu. A 1979 aka tsayar da shi, domin Michael Grade, ɗaya daga cikin shugabannin tashar da ke shirya shi, yana ganin ya cika siffanta kowace al'umma da hali guda na raini. Abin mamaki, Turawan suka yar, mu muka tsince, har yau ana tura guntayensa a waya. Dalili kuwa, ina zato, shi ne da idon barkwanci muke kallonsa: in Ali da Ranjeet suka kaure, sai mu ga tamkar Bafillace da Babarbare ne.

Amma fa a duba da kyau. Gaskiya ne Malam Brown shi ma yakan sha kunya a hannun shugabar makarantar, Miss Courtney. Sai dai harshensa shi ne ma'auni, kuma ba a taɓa ɗora shi a kan sikeli. Ba ranar da aka juya ajin aka ce Brown ya yi Urdu, Ali ya yi masa gyara. Kuma mu da muke ƙyaƙyatawa, a wane benci muke zaune? Ai a bencin Ali muke. A shekarata ta farko wani ɗan ajinmu ya miƙe zai yi tambaya, harafin "p" ya zame masa ya koma "f", aji ya fashe da dariya, har da ni. Yaron nan ya fi yawancinmu gane darasin, amma bai sake ɗaga hannu ba har zangon ya ƙare. Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi shi ma da karyayyen harshe yake ba da dariya, amma shi Hausa da Turanci duka yake karyawa irin na bariki, kuma ɗan gida ne yake wasa da abin gida.

In ana son shaida cewa wanda ake yi wa dariya ba ya jin daɗinta, a dubi Fawlty Towers na John Cleese, kashi 12 da aka yi a 1975 da 1979. Akwai Manuel, ma'aikacin otal ɗan Basalona, wanda ba ya jin Turanci, maigidansa Basil yana ta maƙe shi. Da aka juya wasan zuwa harshen Sifen, sai aka mai da Manuel ɗan Italiya! Abin da ya ceci wannan wasa a wurina shi ne, a ƙarshe Basil ne wawan: mai fadanci ga manya, mai wulaƙanta na ƙasa, mai rawar jiki in ya ji muryar matarsa Sybil.

Yanzu sai Yes Minister, wanda Antony Jay da Jonathan Lynn suka rubuta, aka nuna daga 1980 zuwa 1984. Shi ne na fi so, amma ba don dalilin abokaina biyu ba. Ina son sa ne domin sama yake harbi. Minista Jim Hacker yana neman suna a jarida, Babban Sakatare Sir Humphrey yana neman kada kome ya canja, kuma makaminsa dogon Turanci ne wanda in ka tace shi ba ka samun ko cokali guda na ma'ana. Wato a nan wanda ya iya Turancin ne abin dariya. Akwai kashin da aka gina asibiti, aka zuba masa ma'aikata wajen 500, ba majiyyaci ko ɗaya, kuma ana yabonsa da tsabta. Ma'aikacin da ya taɓa bin sawun fayil daga tebur zuwa tebur ba ya bukatar a fassara masa wannan. An ce ma Margaret Thatcher, tana Firayim Minista, tana cikin masu sha'awar wasan, abin da ke sa ni tunanin ko harbin yana yi wa manyan ciwo kuwa.

Akwai mutum na uku a ofishin, Bernard, sakataren Minista, saurayi mai hankali wanda ya san gaskiya, amma ƙarin girmansa yana hannun Sir Humphrey, saboda haka kullum yana tauna harshe. Ɗaya daga cikin abokan nan nawa biyu yana fatan shiga ma'aikata da zarar ya gama bautar ƙasa. Na tambaye shi wanne daga cikin ukun yake yi wa dariya. Ya ce Hacker mana. Na ce Bernard fa? Sai ya ce cajin wayarsa ya kusa ƙarewa.