FILAS TA ISHE MU HAKA, 'YAN UWA

Jama'a, ku yi haƙuri, yau sai na faɗa. Muna mastas, amma har yanzu filas guda ke yawo a hannun mutum goma. Ta kwana a kwamfutar shagon buga takardu a Taminus, ta wayi gari a Naraguta, ta shiga laftof ɗin kowa da bairos ɗinta. Kafin ka ankara foldarka ta ɓace, babi uku na furojet sun tafi, sai a ce ƙaddara ce. Wace ƙaddara? Sakaci ne wallahi.

Wasu kuma WhatsApp suka mayar rumbu. Kana zaune kusa da abokinka, ka ƙona data ka tura masa littafi, shi ma ya ƙona tasa ya sauke. Tsakaninku ko taku biyu babu.

Alhali maganin na cikin Windows ɗin da ke gabanka. In kwamfutocinku na kan rauta ɗaya, ko Wi-Fi na waya guda, mutum ɗaya ya buɗe folda ya ba da izinin shiga. Saura su danna maɓallin Windows da R, su rubuta \\ da sunan kwamfutarsa, shi ke nan. Mai Mac ko Ubuntu ya fara da smb://. Fayil ɗin ba ya hawa intanet, don haka ko kwabo ba ya ci.

Abin ma ba baƙo ba ne a garin nan. A ƙarshen shekarun 1990 wani Ba'amurke, Cliff Missen, ya yi aiki a Jami'ar Jos, kuma wahalar intanet da ya gani ce ta haifar da eGranary: miliyoyin takardu a kan faifai ɗaya, ana karantawa ta layin cikin gida. Ƙasashe da dama sun ɗauka. Mu 'yan gida muna bin filas.

Na san me za a ce: "Za a sace min aiki." Malam, wa ya ce ka buɗe kwamfutarka gaba ɗaya? Folda guda ce, ka sa mata kalmar sirri, ka ba da izinin karantawa kawai, ba mai gogewa ko sauyawa. Wanda ka miƙa wa filas kuwa komai na ciki ya gani, har hotunan biki.

Inda masu ƙorafi ke da gaskiya shi ne wuta. Kwamfutar da ke riƙe da foldar in ta mutu, kowa ya tsaya. To a ɗora wa mai batir mai ƙarfi, kuma kowa ya ajiye kwafin babinsa a wani wurin daban.

Shugabannin aji, ku da kuka iya tara kuɗin fati, rauta guda ta gagare ku?