Wufa a But, Jariri a Kujerar Baya



Kwanan baya na shiga motar haya daga Bichi zuwa Kunci. Direban ya ɗaura sabuwar wufa, babbar sifikar nan da ake sawa a but don ƙara wa kiɗa kauri, har kujera tana karkarwa. A gefena wata mai jego ce da jaririn da ko arba'in bai yi ba.

Ki lura, but yana jingine da kujerar baya, inda mu da yara muke zama. Mu ne kusa da ita, ba direba ba.

Can cikin kunne akwai wasu 'yan ƙwayoyi masu kamar gashi da ke kama sauti. In ƙara ta kashe su, ba sa dawowa, ba allura ba magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa babba iyakar desibel 80, yaro 75, na sa'o'i 40 a mako. Ba ki da na'urar awo? In sai kin ɗaga murya kafin ta gefenki ta ji ki, ƙarar ta yi yawa. Cusa auduga ba ya tare irin wannan gurnanin.

In maigida zai sa wa tasa motar, ki roƙe shi a yi mata makunni daban, a kashe in yara sun shiga.

Ni dai na ce, "Malam direba, don Allah a rage, akwai jariri." Ya yi tsaki, amma ya rage.