Zancen Gida: Yaron da Ba Ya Kuka

Ya ku iyaye, mun sha jin uwa tana yabon ɗanta da cewa, "Wannan kam jarumi ne, ko faɗuwa ya yi ba ya kuka." Uba kuma in ɗansa mai shekara uku ya yi tuntuɓe, sai ya ce, "Tashi, namiji ba ya kuka!" Mu ma haka aka rene mu, kuma ba don ƙiyayya aka yi mana ba.

Amma malaman makarantar ƙananan yara ba da rashin hawaye suke auna dauriya ba. Abin da malama take dubawa shi ne abin da yaro zai yi bayan kukan. Ran farko da aka kawo yara, wani yakan riƙe zanen uwarsa ya yi ta kuka har muryarsa ta dushe. Malama ta ɗauke shi, ta share masa majina, kafin a tashi tara sai ga shi yana ginin ƙasa tare da sauran. Wannan bai dame ta ba. Wanda ya dame ta shi ne wanda ya shigo shiru, ya raɓe a lungu, ba wasa, ko ƙosan da aka saya masa bai taɓa ba, mako ɗaya, mako biyu. A gida kuwa sunansa mai haƙuri.

Mu dai muna ganin malama ta fi kusa da gaskiya. A tsibirin Kauai na Hawai, a ƙasar Amurka, wata mai bincike, Emmy Werner, ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 har suka kai shekara 40. Wajen kashi ɗaya cikin uku sun taso cikin talauci, ko rigimar gida, ko rashin lafiyar iyaye. Duk da haka, cikin waɗannan ɗin ma kashi ɗaya cikin uku sun zama mutanen kirki masu riƙon gida da aiki. Wani abin da aka yi ta gani a wurinsu shi ne, tun suna ƙanana kowannensu yana da babba aƙalla ɗaya da ya riƙe shi da ƙauna: kaka, ko inna, ko yaya.

Ashe kakanninmu sun san wannan. Lokacin yaye ba a barin yaro da kukansa shi kaɗai. Akan kai shi ɗakin kaka, ta goya shi, ta dama masa kunu, ta lallashe shi har ya manta da nono.

To, gobe in kun je ɗaukar yaronku, kada ku tsaya ga "Malama, ya yi kuka?" Ku tambaye ta wurin wa yake zuwa in wani ya ture shi, kuma ko yakan koma wasa bayan haka. In ta ce ba ya zuwa wurin kowa, ku nemi kujera ku zauna da ita.