Kwamfuta Biyu A Mota Ɗaya: Taura Biyu Ba Sa Taunuwa

'Yan uwana ɗaliban kanikanci, musamman masu shirin tafiya SIWES, akwai wata ɗabi'a da ke shigowa garejinmu. Sai ka ga an sayo waya mai rassa biyu, an jona Launch a wannan reshe, an jona ƙaramar ELM327 mai haɗuwa da wayar hannu a ɗayan, wai don a tabbatar da ciwon mota. Ni a ganina wannan ganganci ne.

Soket ɗin OBD-II da ke ƙarƙashin sitiyari ramuka 16 gare shi. Tun 1996 Amurka ta wajabta shi, shi ya sa kusan duk 'yar Kwatano da ka taɓa za ka same shi. Daga 2008 motocin can suka koma magana ta layin CAN, a rami na 6 da na 14. Tsofaffi da yawa kuwa rami na 7 suke amfani da shi, layi ɗaya tal.

To ga inda gizo ke saƙar. An tsara ƙofar ne don mai tambaya ɗaya. Na'urorin biyu da adireshi ɗaya suke aika tambaya, ƙwaƙwalwar mota kuma da adireshi ɗaya take amsawa. Wannan ta tambayi zafin inji, waccan ta nemi lambobin matsala, amsoshin su cakuɗe. Daga nan sai katsewar sadarwa, ko karatun da ba ya kan gado. Idan kuwa ana tsakiyar sabunta manhajar ƙwaƙwalwar ne wata ta tsoma baki, tana iya mutuwa ɗungurungum. Wa zai biya? Oga zai ce yaron poli ne ya taɓa. Ga shi rami na 16 yana da wutar batir ko da mota a kashe take, don haka abin da aka manta a jone yana shan batir.

Masu yi suna da hujja: ƙaramar na'ura inji kaɗai takan gani, babbar ce ke shiga birkin ABS da giya. Gaskiya ne. To a jona su bi da bi mana. Ka karanta da ta farko, ka rubuta lambobin a takarda, kada ka goge, ka cire, sannan ka sa ta biyu.

Kuma mu tuna, lamba manuniya ce kawai. P0300 ta ce inji yana tsallake wuta, ba ta ce fulogi ne ko koyil ko mai ba. Wannan aikin mita ne da kanka.

Ina roƙon ƙungiyar ɗalibai ta matsa wa sashe a ƙara mana awannin furaktikal da na'ura mai inganci, kowa ya riƙe ta da hannunsa kafin ya fita. Motar mutane ba wurin gwaji ba ce.